Lambobi Takwas a Cikin Jitar Kawu



Ranar da aka yi addu'ar arba'in ɗin Kawuna, bayan baƙi sun watse, aka jawo kayan da ke ƙarƙashin gadonsa domin a rubuta abin da ya bari. Babu wani abin a zo a gani. Manyan riguna huɗu, rediyo, takardun gidan da suke ciki, sai jita guda biyu naɗe a tsohon bargo. Ɗaya ta katako ce mai rami a tsakiya, irin wadda ba ta buƙatar wuta. Ɗayar ta lantarki ce, ga nauyi, fentinta ja daga gefe yana komawa ruwan ƙwai a tsakiya. A kanta an rubuta Gibson da harufa masu ƙyalli, kusa da shi kuma Les Paul.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, zamanin da Kaduna ke kwana da ƙarar injin saƙa, zamanin da Bala Miller da 'yan ƙungiyarsa ke tashe. Shi da wasu abokan aikinsa sun haɗa 'yar ƙungiyar kiɗa, suna zuwa bukukuwa a ƙarshen mako. Ni ban riski wannan ba. Kawun da na sani dattijo ne mai zuwa masallaci da wuri, wanda in an taɓo zancen jita sai ya yi murmushi ya sauya magana.

Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, shi ya fara ɗaukar hoton jitar lantarkin ya bincika a waya. Kafin magariba fuskarsa ta sauya. Ya ga cewa Les Paul ƙirar 1959 ana sayar da ita dubban ɗaruruwan daloli a Amurka, kuma launinta kusan irin na wadda ke hannunsa. Ya buga lissafi zuwa naira, lissafin ya ƙi shiga bakinsa. Ba zan zarge shi ba. Rufin ɗakin Inna, matar Kawu, yana yoyo tun daminar bara, ga ƙannensa biyu a makaranta, ga bashin asibiti. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ana cikin wannan sai ga wata sabuwa. Wani tsohon abokin Kawu, da muke ce wa Baban Kakuri, ya zo ya zauna a zaure ya ce yana da magana kafin a raba gado. Ya ce jitar katakon nan tasa ce. Ya saye ta sabuwa a 1980 da kuɗin da ya tara, ya ba Kawu aro bayan 'yan shekaru, daga nan rayuwa ta yi ta tafiya, bai karɓa ba, Kawu bai mayar ba. Yaya ya ce sam, shi tun yana yaro ya san mahaifinsa ya sayi jitar ne a shekarar da aka haife shi, wato 1990, don murnar samun ɗa namiji. Malamin da zai yi rabon ya ɗan ɓata rai da jin zancen kayan kiɗa gaba ɗaya, amma ya ce ko mene ne, ba a raba dukiya da amanar wani a ciki. Ya ba da mako guda a warware.

Sai aka juyo kaina. "Kai da ka yi difloma a fannin lantarki, ai kai za ka duba mana." A danginmu in ka yi karatun lantarki, to firji, waya, janareto da duk abin da ke da igiya aikinka ne. Ban taɓa riƙe jita ba a rayuwata. Na kwaso su biyun na kai ɗakina.

Abin da na fara koya a daren farko shi ne, jitar masana'anta ba kamar garaya ko gurmi take ba. Garaya in ka kai wa wanda ya san sana'ar, daga yadda aka ɗaure fata da yadda aka fafe ƙwarya zai iya ce maka hannun wane ne. Jita kuwa ana fitar da ita ɗaruruwa a rana, don haka ake buga wa kowace lamba. Matsalar ita ce kowane kamfani da irin tasa hanyar, kuma wasunsu sun sauya hanyar sau da yawa.

Mafi sauƙi shi ne na Martin, wani tsohon kamfani a garin Nazareth na jihar Pennsylvania. Tun 1898 suke jera lamba ɗaya bayan ɗaya, kuma an san lambar da aka rufe kowace shekara da ita. Ka duba taka, ka ga tsakanin wace da wace ta faɗa, shi ke nan. Fender kuma tun wajen 1976 suka koma sa lamba a kan jita, da harafi a gaba mai nuna zangon shekaru goma: S na shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000, sai lambar da ke biye ta nuna shekarar. A takarda abin gwanin kyau. Amma da yake ana buga lambobin da yawa a ajiye, sai a shiga sabuwar shekara ana ta liƙa na bara har su ƙare. Akwai ma jitocin 1990 masu ɗauke da N9, wanda a ƙa'ida 1999 yake nufi. Wato tun kafin jabu ya shigo zance, lambar gaskiya ma tana iya yi maka ƙwange.

Na zo kan Gibson, wadda ita ce ke hana Yaya barci. Na kifa jitar, na haska bayan kanta da tocilar waya. Ga lamba nan a nutse cikin katako: 85916604. Ƙarƙashinta an rubuta cewa ƙirar Amurka ce.

Nan take zancen 1959 ya mutu. Les Paul na wancan lokaci da tawada ake buga musu lamba, kuma gajeriya ce: lamba ɗaya mai nuna shekara, ɗan fili, sannan sauran su biyo. Rubutun nan na ƙirar Amurka kuwa sai daga 1970 ya zama abin da ake buga wa kowace. Na ce to, ba ta 1959 ba ce, amma ko ta 1980 da wani abu ce ai kuɗi ne masu kauri. Na ci gaba.

Daga 1977 zuwa 2005 Gibson sun yi amfani da tsarin lambobi takwas wanda, in ban da 'yan togaciya, a fili yake. Ka ɗauki lamba ta farko ka haɗa da ta biyar, sun ba ka shekara. Ta biyu, ta uku da ta huɗu su ne ranar da aka buga lambar a cikin kwanakin shekara, daga 001 zuwa 365, ko 366. Ukun ƙarshe jerin jitar ne a ranar, kuma kafin a rufe tsohuwar masana'antarsu ta Kalamazoo a 1984, su ne ke bambanta ta da ta Nashville: ƙasa da 500 Kalamazoo, daga 500 zuwa sama Nashville.

Na ɗauki biro. Ta farko 8, ta biyar 6, shekarar 1986 ke nan. Na ji daɗi, domin ta dace da zamanin kiɗan Kawu. Sai na rubuta na tsakiyar: 591.

Na daɗe ina kallon takardar. Na sake ƙirgawa daga hagu, na sake daga dama, ko na tsallake wata. Babu shekarar da Allah ya halitta mai rana ta 591.

Ina so in gaya muku gaskiya, domin a nan ne na fi jin kunyar kaina. Ban yarda nan da nan ba. Na ɓata kusan awa biyu da datar da ba ni da ita ina neman wani tsari na daban da lambar za ta shiga. Ko na musamman ne? Ko na wata shekara ce da aka yi togaciya, kamar 1994 da suka fara duk lambobinsu da 94? Ba bincike nake yi ba a lokacin, amsa nake da ita a zuciya ina nemar mata hujja. Da asuba na haƙura na juya ga jikin jitar, shi kuma bai ɓoye komai ba. A bayanta, inda wuya ya haɗu da jiki, akwai farantin ƙarfe da sukurori huɗu. Les Paul irin wadda Yaya ya gani, da gam ake haɗa wuyanta, ba a kwance shi. Ɗan murfin da ke kanta, mai siffar ƙararrawa, sukurori uku ne suka riƙe shi, na Gibson biyu ne. Na sa sukundireba na buɗe murfin baya inda na'urorin ƙara da rage murya suke, wanda shi kaɗai ne wurin da karatuna ya yi mini rana. A tsofaffin jitocin Amurka, waɗannan 'yan na'urori suna da tasu lambar: misali in ta fara da 137 kamfanin CTS ne ya yi ta, sai shekara, sai mako. Masu bincike kan dogara da ita in lambar kai ta rikice, tunda ba a haɗa jita kafin a ƙera kayan cikinta. Na Kawu ƙanana ne kamar maɓallin riga, babu ko ɗigon lamba, wayoyin siraran nan ne irin na cikin rediyon yara.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ci ba. A ƙarshen 2024 jami'an kwastam na Amurka sun sanar da kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles. In har ana iya tura su ƙasar da ake ƙera na gaskiyar, ina ga kasuwar gwanjonmu.

Na ajiye ta na jawo ta katakon, wadda ba wanda ya damu da kuɗinta. A cikin ramin akwai takarda a liƙe, ta yi duhu amma tana karantuwa: Yamaha, FG-335, ƙirar Taiwan. Lambar ce ta ba ni wuya. Sai da na sassauta tsirkiyoyi, na karkata jitar, na haska can ciki ta wajen wuya, kafin na hango ta a jikin wani ɗan katako da ke tokare da fuskar jitar. Ƙura da saƙar gizo-gizo sun rufe ta. Na goge da auduga a tsinke: 90314226.

Tsarin da masana'antar Yamaha ta Kaohsiung ta bi tun farkon shekarun 1970 har zuwa 2001 ya fi na Gibson sauƙin karantawa. Lamba ta farko ƙarshen shekara, biyu na gaba wata, biyu na gaba rana, ukun ƙarshe jeri. Wato shekara mai ƙarewa da 9, watan Maris, 14 ga wata, jita ta 226.

To wace shekara mai ƙarewa da 9? Nan ne na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, dariyar da ba ta daɗi ba. In 1979 ce, ta dace da Baban Kakuri da ya ce ya saya sabuwa a 1980. In 1989 ce, ta dace da Yaya da ya ce 1990, ta kuma ƙaryata Baba ƙarara, domin ba a sayen abin da ba a ƙera ba. Lamba ɗaya, tana gaskata kowa. Tsarin yana maimaita kansa duk shekara goma, don waɗanda suka ƙirƙire shi lissafin masana'anta ne a gabansu, ba su san wata rana za a yi shari'ar gado da shi a Kaduna ba.

Abin da ya raba gardamar takardar nan ce ta cikin rami. Kowane samfuri yana da shekarun da aka yi ana ƙera shi. FG-335 daga 1977 zuwa 1981 aka yi ta, daga nan wadda ta gaje ta ta zo da alamar II a gaban lambar. Na sake haska takardar har idona ya yi ruwa. Babu II. Tsakanin 1977 da 1981 kuwa shekara ɗaya ce tak mai ƙarewa da 9. Ranar Laraba, 14 ga Maris, 1979, wata shida da 'yan kwanaki kafin a rantsar da Shehu Shagari, wani ma'aikaci a can Taiwan ya buga wa wannan katako lamba.

Bari in ɗan ratse. Shekara biyu da suka wuce na karanta wani gajeren labarina a taron ƙungiyarmu, labarin da na ce ya faru a 1998, inda jarumar ta tura wa saurayinta saƙon tes. Da na gama, wani dattijon marubuci ya ce, "Labari ya yi, amma a wace waya ta tura?" Layukan GSM sai 2001 suka fara aiki a Nijeriya. Ranar har gida na je kunnena na zafi. Tun daga lokacin na iya tambayar yaushe abu ya fara samuwa. Abin da ban iya ba, sai jitar nan ta koya mini, shi ne inda amsar wannan tambaya take tsayawa.

Domin da na gano 1979, zuciyata ta yi tsalle ta ce Baba ya yi gaskiya. Har na fara shirya yadda zan faɗa. Sai na tambayi kaina, me lambar ta ce takamaimai? Ta ce an ƙera jitar a Maris 1979. Ba ta ce wa ya saya ba. Kawu yana iya sayen ta hannu a 1990, tana da shekara goma sha ɗaya, maganar Yaya ta tsaya daram. Lambar tana da ikon ƙaryata mutum, da 1989 ta nuna da Baba ya faɗi. Amma ba ta da ikon gaskata kowa. Iyakar abin da ta yi wa Baba shi ne ta bar masa ƙofa a buɗe.

Kwana biyu na yi ina juya yadda zan yi da bakina. Yaya ne ya biya mini kuɗin makaranta na zangon ƙarshe lokacin da abubuwa suka tsaya wa mahaifina. Mahaifiyata ta kira ni gefe ta ce, "Ka dai san ɗan uwanka ne." Ba ta ce in yi ƙarya ba, ni ma ban tambaye ta me take nufi ba. Kuma hanya a buɗe take. In na ce lambar tana iya zama 1979 ko 1989 na yi shiru, ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba, babu kuma wanda zai je ya bincika zancen II. Ta Gibson ma ina iya cewa sai an kai wa masana a Legas, in bar wani ya fasa ƙwan.

Ranar zaman, a tsakar gida aka shimfiɗa tabarmi. Inna tana cikin takaba, tana daga ɗaki bayan labule. Na zo da takardata. Na fara da ta lantarkin, na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, na nuna sukurori huɗun nan. Da na ce rana ta 591, wani ƙanen Yaya ya yi dariya, ya dubi fuskar wansa ya haɗiye ta. Yaya ya ce, "Kai yaushe ka zama masanin jita?" Na ce, "Yaya, ban zama ba. Ga wayar, ka ƙirga da kanka." Bai karɓa ba.

Baban Kakuri ne ya ce, "Ai marigayi ya san jabu ce. Tare muka je ya saye ta a wajen 'yan gwanjo, bai fi shekara goma sha biyar ba. Cewa ya yi tunda bai samu ta gaske yana saurayi ba, bari ya riƙa kallon sunan." Ya faɗi kuɗin da aka saye ta, ba su kai na buhun shinkafa ba a yau.

Sai na zo kan Yamaha. Na faɗi ranar, na faɗi yadda na raba 1979 da 1989. Malam ya ce, "To, ta wane ne ke nan?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ba ya cikin lambar. Ta nuna maganar Baba tana iya yiwuwa. Ba ta nuna ta Yaya ba za ta yiwu ba." Na ga alamar amsar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Baba ya so in ƙarasa masa, Yaya ya so da ban fara ba.

Aka yi shiru. Can sai muryar Inna daga bayan labule, a hankali. Ta ce ita dai ranar da aka kawo ta gidan nan a 1985, jitar tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, har ƙawayenta suna tsokanarta wai ta auri maroƙi. Ta ce wanda ya saya ba ta sani ba, ba ta taɓa tambaya ba. Abin da Kawu ya saya da aka haifi Yaya rediyo ne mai cin kaset.

Yaya ya sunkuyar da kai. Ina jin ba jitar ce ta dame shi ba a lokacin. Shekara talatin da wani abu yana ɗauke da labarin cewa mahaifinsa ya sayi jita don murnar zuwansa duniya, ko wa ya gaya masa, ko shi ya haɗa da kansa yana yaro, Allah masani. Da safe ya rasa miliyoyin da bai taɓa riƙewa ba, kafin azahar kuma ya rasa wannan.

Malam ya ce har yanzu Baba ne mai da'awa, kuma shaidar Inna ta rushe 1990 ne kawai, ba ta tabbatar da aro ba. Ya tambaye shi ko yana da wani wanda ya san zancen. Baba ya ce su biyar ne a ƙungiyar, shi kaɗai ya rage. Aka kawo zancen rantsuwa, ya girgiza kai ya ce shi da furfurarsa ba zai rantse a kan katako ba. Abin da ya kawo shi, ya ji ana zancen sayarwa ne, ba ya so ta ƙare a hannun wanda zai jefar da ita a bayan shago. In magada sun ce tasu ce, su riƙe, amma kada su sayar.

Yaya ya tashi ya shiga ɗakina, ya fito da jitar, ya ajiye ta a gaban Baba ba tare da ya ce uffan ba, ya sa takalmi ya fita. Malam ya tambayi sauran magada ɗaya bayan ɗaya, har da Inna, kowa ya ce ya yafe. Aka cire ta daga lissafi.

Ta lantarkin an sayar wa wani matashi mai kiɗa a coci. Na gaya masa jabu ce kafin mu yi ciniki, ya ce ya gani tun daga nesa, shi dai in tana kawo sauti. Kuɗin sun sayi kwanon rufi shida, an toshe inda ya fi yoyo. Yaya yana amsa gaisuwata, amma gajeruwa. Rannan na tura masa saƙo game da makarantar ƙaninsa, ya amsa bayan kwana uku da kalma biyu.

Makon jiya Baban Kakuri ya kira ni ya ce in sayo masa tsirkiyoyi in zan shigo unguwarsu, biyu sun tsinke. Na kai masa. Yatsunsa sun yi tauri, sai ni na ɗaura yana nuna mini inda kowace take shiga. Da muka gama ya ce in haska masa lambar nan ya gani. Na karkata jitar na kunna tocila, ya kawo fuskarsa dab da ramin, ya daɗe, sannan ya ce idonsa ba ya kaiwa, in karanto masa. Na karanto, ya ɗauko biro ya rubuta a bangon kalandar ɗakinsa.